Babi na 7: Agogon Mako Shida

Hunturu ne ya fara nuna mini akwai matsala, amma ban gane ba. Mu biyar ne muke haɗuwa a Dandalin Murtala da ke Kaduna bayan sallar asuba, sau huɗu a mako, mu yi ta zaga fili har rana ta ɗaga. Shekara shida ina wannan sassarfa, na san jikina sarai: minti goman farko akwai ɗari, daga nan gumi ya karyo, in cire rigar sanyi in ɗaure a ƙugu. A hunturun da nake magana gumin ya ƙi zuwa. Sai mu gama kilomita shida yatsuna na nan sanyi ƙalau, ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi, sharaɓata kuma ta ɗaure da dare har ta tashe ni daga barci. Gajiyar da na sani a da mai daɗi ce, wadda wanka da kofin koko ke kawarwa. Wannan kuwa da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Duk wanda ya saba da gudu ya san amsar da muke ba gajiya: a ƙara ƙaimi. Haka na yi. Na ƙara rana guda a mako. Da na hau sikeli na ga na ƙara kilo uku, sai na rage tuwon dare. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne bugun zuciya. A babi na uku na yi bayanin cewa zuciyar mai gudu takan rage yawan bugu idan yana hutawa, domin ta yi ƙarfi, bugu guda yana tura jini mai yawa. Nawa ya sauko daga sittin da 'yan kai zuwa hamsin da biyu a minti, na kuwa ɗauka atisaye ne ke biyan bashi. Ashe zuciyar ba ƙarfi ta ƙara ba, sanyi ta yi.

Sau biyu mai kemis ɗin unguwarmu ya haɗa mini maganin maleriya da taifot, na shanye babu canji. Mahaifiyata ta ce jinina ne ya yi ƙasa, ta sa aka riƙa dafa mini zogale da hanta. Wadda ta gano bakin zaren ita ce babbarmu a cikin masu gudun, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Wata safiya muna miƙe ƙafafu ta tsura mini ido ta ce, "Ƙanwata, yaushe muryarki ta dishe haka? Ga fatar idonki a kumbure, ga jikinki ya bushe kamar ba kya shafa mai. Ki je asibiti a duba miki tayirod."

Na ce, "Yaya, ai ba ni da maƙoƙo."

Ta ce, "Ba sai wuya ya kumbura ba."

Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi. Nauyinta bai wuce giram ashirin zuwa ashirin da biyar ba, amma sinadarin da take fitarwa shi ke tsara saurin aikin kusan kowane sashe na jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, yadda tsoka ke ƙona abinci ta samar da ƙarfi, da yadda take sakewa bayan ta ɗaure. Mafi yawan abin da take fitarwa shi ne wanda likitoci ke kira T4, sai hanta da ƙoda da sauran sassa su mayar da shi T3, wanda shi ne mai aikin gaske. Idan sinadarin ya yi ƙaranci komai sai ya yi sanyi: bayan gida ya yi tauri, gashi ya riƙa zuba, al'adar mace ta yi yawa, tunani ya yi nauyi, kitsen cikin jini ya hau. Mata sun fi maza kamuwa ninki da dama, wasu kuma bayan haihuwa yake taso musu, a ɗora laifin a kan wahalar jego da reno.

Takardar gwajina ta fito da lamba ɗaya da aka ja wa layi, TSH, ta haura ashirin, alhali yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar 0.4 zuwa 4 a matsayin daidai. Na tambayi likita yadda za a ce abu ya yi ƙaranci ga lamba ta yi sama. Ya ce, "Hajiya, ki ɗauka uwa ce ke kiran ɗanta. In ya amsa da wuri, a hankali za ta kira. In ya yi shiru, ta ɗaga murya. TSH muryar uwar ce." Uwar ita ce wata halitta mai girman ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa, aikinta ta umarci tayirod ta yi aiki. Muryarta ta ɗaga ne domin ɗan ya daina amsawa.

Wani gwajin ya nuna dalilin shirun. Garkuwar jikina ce ta juya tana yaƙar tayirod ɗin a hankali, ciwon da ake kira Hashimoto, da sunan likitan ƙasar Japan Hakaru Hashimoto, wanda ya fara bayyana shi a 1912. A wuraren da mutane ke samun isasshen sinadarin aidin, shi ne kan gaba wajen haddasa wannan matsala. A duniya baki ɗaya kuwa rashin aidin ne babban dalili, domin da shi tayirod ke haɗa sinadarinta, kuma shi ke kawo maƙoƙon da iyayenmu suka sani a ƙauyuka. Babban mutum yana buƙatar maikirogiram 150 a rana, shi ya sa tun farkon shekarun 1990 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Binciken da aka yi a yankin Darfur na Sudan ya nuna gero na ɗauke da wasu sinadarai da kan hana tayirod amfani da aidin yadda ya kamata, musamman ga wanda gero ne abincinsa safe da yamma kuma aidin ɗinsa ya yi ƙaranci. Na kawo wannan ne domin na ji ana yaɗa cewa mai ciwon tayirod ya bar fura da kunu. Wanda yake shan maganinsa, gishirin gidansa mai aidin ne, furarsa ba za ta cuce shi ba. Kuma mai Hashimoto kada ya je ya sayo ƙwayoyin aidin yana sha da sunan ƙarin ƙarfi, domin yawansa na iya ƙara dagula lamarin.

Maganin kansa mai sauƙi ne: a mayar wa jiki abin da ya rasa. A 1891 wani likita a birnin Newcastle na Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata allurar ruwan da ya tatso daga tayirod ɗin tunkiya, ta warware, ta rayu har 1919. A 1914 Edward Kendall ya ware sinadarin shi kaɗai a asibitin Mayo da ke Amurka, a ƙarshen shekarun 1920 kuma masana a Ingila suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji. Ƙwayar da muke sha yau, lebotairoksin, daidai take da T4 ɗin da jiki ke yi. 'Yar ƙarama ce, da maikirogiram ake auna ta, 25 ko 50 ko 100. Wanda tayirod ɗinsa ta daina aiki gaba ɗaya yakan buƙaci kimanin maikirogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa, amma likita kan fara da kaɗan ga tsofaffi da masu ciwon zuciya. Ga mafi yawanmu, sha ne na tsawon rai.

Abin da ya fi yi mini wuya, kuma shi ne dalilin rubuta wannan babi, shi ne tafiyar hawainiyar maganin. Mu masu gudu mun saba da agogo mai ƙidaya daƙiƙa. Ka yi gudu yau, gobe ka ji sakamako a cinya. Wannan ƙwaya ba haka take ba. Rabin abin da ka haɗiya yau yana nan a jininka bayan mako guda, saboda haka a hankali take taruwa, kamar ana zuba ruwa da ludayi a randar da ke ɗan yoyo, sai bayan mako biyar zuwa shida ruwan ke tsayawa wuri guda. Shi ya sa likita ba ya sake gwaji sai bayan mako shida zuwa takwas da fara sha ko da canza awo. Gwajin da aka yi kafin nan ba zai faɗi gaskiya ba. Ni sau uku aka gyara mini awo, wata biyar ke nan kafin lambar ta zauna. Ko bayan ta zauna, tsokar ƙafafuna ta ɗauki wasu watanni kafin ta dawo, domin jini yakan riga tsoka warkewa.

A mako na uku na koma wurin likita ina ƙorafi, na ce ban ji komai ba, ko a ƙara mini. Ya ce, "Hajiya, ki ba shi lokacinsa. In na ƙara yanzu, nan da wata guda za ki dawo da faɗuwar gaba da rashin barci." Ya kuma hana ni gudu mai tsanani har sai an ga gwaji na biyu. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Zuciyar da sinadarin ya yi wa ƙaranci ba ta iya tura jinin da gudu mai zafi ke nema, tsoka kuma ba ta gyara kanta da wuri, har wani lokaci gwajin jini kan nuna alamar ta ji rauni. Wanda ya matsa mata a wannan hali yana iya jawo wa kansa abin da ya fi gajiya.

Don haka na koma tafiya. Mako shidan farko tafiya kawai, minti talatin, abokaina na wuce ni suna ɗaga mini hannu. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. A mako shida na biyu na fara haɗa minti biyu na sassarfa da minti uku na tafiya, ma'aunina guda: in ba zan iya yin hira da wadda ke gefena ba tare da haki ba, na yi sauri. Na bar kwana guda cur tsakanin kowace fita da ta gaba. Ranar da sharaɓa ta ɗaure ko ciwon cinya ya wuce kwana biyu, na zauna a gida. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta abu huɗu kowace safiya: bugun zuciya kafin in sauko daga gado, awa nawa na yi barci, yadda ƙafafu suke, da ko na ji sanyi. Ba na yanke hukunci da rana ɗaya. Sai na tara mako shida nake dubawa, kuma littafin nan nake kai wa likita tare da takardar gwaji. Bugun zuciyata ya hau ya koma sittin da biyu. Da a da ne da na damu, na ce ƙarfina ya ragu.

Sai maganar lokacin sha, wadda ta fi shafar mai gudun asuba fiye da kowa. Ƙwayar nan ba ta son abokin tafiya a ciki. Da ruwa zalla ake haɗiye ta, ciki babu komai, a jira minti talatin zuwa awa guda kafin a ci abinci. Shayi mai madara, kofi, koko, duk suna rage abin da hanji zai tsotsa daga cikinta. Waken suya ma haka, saboda haka mai son awara ya bar ta sai rana ta yi. Maganin ƙarin jini mai ayon, da ƙwayar kalsiyam, da farin ruwan nan da ake sha don zafin ciki, su kuwa awa huɗu ake bari tsakaninsu da ita, domin suna kama ta su fice da ita ba ta yi aiki ba. Wannan ya shafi mata masu gudu ƙwarai, domin ƙarancin jini ya yi yawa a cikinmu, ciwon tayirod kuma yana ƙara yawan jinin al'ada. Na ga wadda take haɗa ƙwayoyin biyu a tafin hannu ta watsa baki kowace safiya, likita yana ta ƙara mata awo lambar ta ƙi sauka, sai da aka tambaye ta yadda take sha.

Tsarina ya zo daidai da rayuwata. Ƙwayar da kofin ruwa suna gefen gado. Ina farkawa kafin kiran sallah in haɗiye, in yi alwala, in yi sallah, in shirya, in kama hanya. Kafin in isa fili an yi minti arba'in. Gudun da bai kai awa guda ba da ruwa kawai nake yinsa, in karya in na dawo. Ranar doguwar tafiya nakan tashi da wuri kaɗan, awa ta cika, in ci dabino uku ko ayaba kafin in fita. Maganin ƙarin jini kuwa sai bayan la'asar. Wanda safiyarsa ba ta ba shi dama yana iya mayar da sha lokacin kwanciya, muddin an yi awa uku da cin abincin dare. Abin da ba a so shi ne yau safe gobe dare, yau da ruwa gobe da shayi.

Azumi kan rikita wannan tsari, kuma ya kamata a yi maganarsa da likita tun cikin Sha'aban. Wasu kan sha da ruwan buɗa baki su yi sallar magariba, su ɗan jinkirta abinci rabin awa. Wasu kan bari sai sun dawo tarawihi za su kwanta, idan ba su ƙara cin komai ba. Ni nakan sa agogo ya tashe ni awa guda kafin sahur, in sha, in yi nafila ko in ɗora tukunya kafin lokaci ya cika. Gudu a watan nakan mayar da shi tafiya ta minti ashirin dab da magariba. Bayan Sallah da mako shida nake zuwa gwaji.

Zafi ma abokin gaba ne. A kwalin an rubuta a ajiye ta ƙasa da digiri 25, mu kuwa a watan Maris da Afrilu ɗakunanmu sun wuce haka nesa. Kada a bar ta a mota, ko a taga, ko kusa da murhu, ko a banɗaki mai laima. A bar ta cikin takardarta, a wuri mafi sanyi da duhu a ɗaki, kuma a saya a kantin magani mai rajista wanda ba ya shanya kaya a rana. In aka canza maka kamfani saboda wanda ka saba ya yanke a kasuwa, ka gaya wa likita a sake gwaji bayan mako shida. Ranar gwaji nakan bari a ɗebi jini kafin in sha ta ranar, ba na kuma zuwa washegarin tsere ko ina cikin zazzaɓi. Masu shan ƙwayar bayotin don gyaran gashi da farce su dakatar da ita kwana biyu ko uku kafin gwaji, domin tana sa na'ura ta ba da lambar ƙarya.

Mai tsoron cewa gudunsa ya ƙare ya dubi Gail Devers ta Amurka. Nata ciwon kishiyar namu ne, tayirod ɗinta aiki take fiye da kima. A 1990 aka gano, aka kashe halittar da magani, ta koma shan ƙwayar nan kullum kamar mu. A 1992 ta ci zinare a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Basalona, ta sake ci a Atlanta a 1996.

Akwai kuma labarin da ya kamata ya tsoratar da mu. A 2013 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoto a kan wani likita a Houston, Jeffrey Brown, wanda ke rubuta wa fitattun 'yan tsere da dama maganin tayirod, ciki har da waɗanda koci Alberto Salazar ke horarwa a lokacin. A 2015 'yar tsere Kara Goucher ta shaida wa BBC da ProPublica cewa Salazar ya matsa mata ta sha wani maganin tayirod don ta rage ƙiba bayan haihuwa, zargin da ya musanta. A 2019 aka dakatar da shi da likitan shekara huɗu kowannensu, bisa wasu laifuffuka dabam, domin maganin tayirod ba ya cikin jerin abubuwan da aka haramta wa 'yan wasa. Rashin haramci bai sa ya zama marar haɗari ba. Wanda ya sha fiye da buƙatarsa zai ga hannunsa na rawa, barci ya ƙaurace masa, zafi ya dame shi, zuciya ta riƙa bugu ba tsari, wanda kan iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki. Ƙashi kuma yana zaizayewa a ɓoye, abin da ya fi muni ga macen da al'adarta ta ɗauke, kuma ƙafar mai gudu a kan ƙashi take sauka dubban sau a kowace fita. Ƙibar da ciwon ke kawowa ma ba ta da yawa, kilo biyu zuwa biyar ne galibi, mafi yawansa ruwa. Na sha jin mata a fili suna cewa, "Ki ɗan sam mini irin naki in rage tumbi." Ba na bayarwa, kuma nakan tsaya in faɗi dalili.

Kuskuren da na yi na rage tuwon dare shi ma yana da bayani. Idan mutum yana gudu da yawa yana cin kaɗan, jiki kan rage mayar da T4 zuwa T3 don ya yi tattalin ƙarfi, sai gajiya da jin sanyi su zo ko da tayirod lafiyarta lau. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a kan wannan hali na ƙarancin abinci ga 'yan wasa, maza da mata. Maganinsa a tukunya yake. Haka nan in lamba ta daidaita amma gajiya ta ƙi tafiya, kafin a zargi awo a duba jini ko ya yi ƙasa, a duba suga, a duba barci, a duba ko atisayen ne ya fi ƙarfin jiki. Mai shan maganin rage kitsen jini ya gaya wa likita in tsoka na ciwo, domin ciwon tayirod da ba a daidaita ba yana ƙara wannan illa. Macen da ta samu ciki kuwa ta je asibiti a makon da ta gane, kada ta jira ranar awo, domin buƙatarta kan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku tun farkon ciki, kuma ƙwaƙwalwar jariri ta dogara da sinadarin uwa a watannin farko.

Wata goma sha ɗaya bayan ƙwayar farko, hunturu ya sake zagayowa. Wata Asabar muka ɗauki kilomita goma. Wajen zagaye na uku na ji ɗumi ya taso daga baya, gumi ya fara bin wuyana, na cire rigar sanyi na ɗaure a ƙugu ban ma lura ba. Babbar tamu da ke bayana ce ta gani. Da muka tsaya shan ruwa ta kama hannuna ta murza yatsun, ta ji su da ɗumi, ta ce, "Alhamdu lillahi. Yaushe ne gwajinki na gaba?"

Na ce, "Watan gobe, Yaya, in sha Allahu."

Ta ce, "To, ki tafi da littafin nan naki. Mu ƙarasa biyun da suka rage."